Hunhuna cikin rufin ɗaki

Yara, in kun shiga ɗaki, ina kuke fara dubawa? Ƙasa kuke dubawa, don kada ku taka wani abu. Ba kowa ke ɗaga kai ba. To, yau sama za mu duba.

Garinmu Gidan Rumji yana kusa da Gulbin Maraɗi, bisa babbar hanyar da ta fito daga Maraɗi ta nufi Madawa da Ƙonni. Ruwan sama yana sauka mana daga watan Yuni zuwa Satumba, amma ya fi yawa cikin Agusta. A wannan wata rana takan yi kwana biyu ko uku ba ta fito sosai ba. Wanki ya ƙi bushewa, gishiri ya jiƙe cikin kwano, ashana ta ƙi kamawa. Lokacin nan ne hunhuna take fitowa. Wasu suna ce mata fumfuna. Da Faransanci sunanta la moisissure.

Mece ce hunhuna?

Kun taɓa ganin tuwon da aka manta da shi cikin akushi? Bayan kwana uku sai ku ga wani abu kamar auduga ya rufe shi, fari ko kore ko baƙi. Ba datti ba ne. Abu ne mai rai, dangin naman kaza. Ba ta da ganye, ba ta da fure. Jikinta zare-zare ne, sirara fiye da gashin kai, kuma da su take cin abin da ta hau.

Irinta ya fi ƙura ƙanƙanta, ido bai ganinsa sai da madubin likita. Iska tana yawo da shi ko'ina. Yanzu haka akwai shi cikin ajin nan. Me ya sa bai tsira bisa allo ba? Domin allo busasshe ne. Hunhuna tana son abinci, da ɗumi, da danshi. Abinci ba ya yi mata wuya: itace, kara, tabarma, takarda, fata, hatsi, duk tana ci. Ɗumi kuwa ƙasarmu ba ta rasa shi. Danshi kaɗai take jira. In abu ya jiƙe ya kwana ɗaya ko biyu bai bushe ba, ta samu gida.

Ta ina ruwa yake shiga rufi?

Mu fara da soro. Magini yana jera azara bisa bango, ya shimfiɗa zana ko kara, ya ɗora ƙasa, sannan ya yaɓe. Ya bar rufin da ɗan gangare, ya sa indararo don ruwa ya zuba waje. Zafin bazara yana tsaga yaɓen nan. Iska tana tara ganyen dogon yaro da leda a bakin indararo. Wani lokaci ma tsuntsu ya yi sheƙa ciki. Ruwan farko ya zo, bai samu hanyar fita ba, sai ya kwanta bisa rufi kamar ƙaramin tabki. Ya bi tsaga, ya ratsa ƙasa, ya kai ga zana da azara. Can babu rana, babu iska. Zana takan yi makonni a jiƙe, masu ɗaki ba su sani ba. Ciyawar da ke tsira bisa soro ita ma tana taimakon ruwa, domin saiwarta tana huda masa hanya.

Shekarar da na fara koyarwa, an ba ni wani soro a wani ƙauye. Cikin Agusta na buɗe akwatin littattafaina, na tarar sun manne da juna, sun yi tabo kore. Na kira wani tsohon magini, na ce masa: "Baba, ɗakin nan bai yoyo, ban taɓa tara kwano ba." Bai amsa mini ba. Ya ɗauki ƙusa, ya hau turmi, ya soka ta a gindin wata azara, wurin da ta shiga bango. Ƙusa ta shige kamar cikin rogo dafaffe. Ya ce: "Malam, ruwan da ke ɗiga yana faɗa maka ya zo. Wanda bai ɗiga ba shi ne mugu. Ka fitar da shimfiɗarka yau." Na fitar. Ban yi gardama ba.

Ɗakin ciyawa ya fi soro shan iska, yana saurin bushewa. Amma in jinka ta tsufa, ciyawa ta ruɓe, ruwa yana zama cikinta. Ku lura, a ɗakin girki ba a cika ganin hunhuna ba, domin wuta da hayaƙi suna busar da jinka kullum. Shi ya sa kakanninmu suke rataya zangarniyar iri a can.

Ɗakin kwano kuma, wanda muke kira tol, yana da nasa halin. Ruwa yana bi ta ramin ƙusa da wurin da tsatsa ta ci. Akwai kuma ruwan da ba daga sama ya zo ba. Kun ga ɗigon da ke taruwa ƙarƙashin murfin tukunya? Haka yake faruwa ga kwano. Numfashin mutane, da tururin abinci, da jiƙaƙƙun tufafi suna cika ɗaki da laima. Da dare kwano ya yi sanyi, laimar ta zama raɓa a cikinsa, ta ɗiga bisa katakon da aka rufe ɗakin da shi daga ciki. Tsakanin kwano da katakon nan akwai fili mai duhu. In magini bai bar masa kafar iska ba, hunhuna ta samu daula.

Yaya za mu gane ta?

Hanci ne ke fara sani. Ɗaki yana wari irin na tsohon buhu da ya jiƙe, ko an share shi. Sannan ido: tabo mai kama da taswira a rufi ko a kan bango, ɗigo-ɗigo baƙi ko kore, zana ta yi duhu, ƙasa tana zubowa kaɗan-kaɗan, azara ta fara lanƙwasa. In kun ga hanyar gara ta hau bango, ku duba da kyau, domin gara ma danshi take bi.

Amma ba kowane baƙi ba ne hunhuna. Kunkunniya baƙa ce, busassa, tana warin hayaƙi. Farin garin da ke fitowa a gindin bango kuma sau da yawa gishirin ƙasa ne, yana narkewa in an sa masa ruwa.

Jikin mutum ma yana ba da labari. In ƙanenka yana atishawa da tari duk dare cikin ɗaki, amma da rana a waje ya samu sauƙi, ka faɗa wa manya su duba rufi.

Ina haɗarinta?

Mai kwana ƙarƙashinta yana shaƙar irinta har gari ya waye. Tana kawo majina, da ƙaiƙayin ido, da tari. Mai ciwon asma, numfashinsa yana sarƙewa. Jarirai da tsofaffi da marasa lafiya sun fi wahala. Ba ita ke kawo tarin fuka ba, amma wanda tarin fuka ya taɓa raunana masa huhu, tana iya zama cikin huhun nasa. Tarin da ya wuce mako biyu, asibiti ake kai shi.

Ga kuma rufin kansa. Inda hunhuna ta daɗe, danginta masu cin itace suna biyo ta. Su ne suka cinye azarar ɗakina. Ku tuna, ƙasar da ke bisa soro tana da nauyi ƙwarai, in ta sha ruwa kuma nauyin ya ƙaru. A damanar 2024 ruwa ya rushe gidaje da yawa a jahar Maraɗi, mutane sun rasu.

Haɗari na uku ya fi ɓoyuwa. Cikin ɗakunanmu muke ajiye buhun gyaɗa da masara. In rufi ya jiƙa su, wata irin hunhuna mai ruwan ɗorawa-kore tana hawansu, ta bar guba da ake kira afalatoksin. Gubar nan tana lalata hanta. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ma haka, ko an yi ƙuli-ƙuli tana nan. An gano ta bayan 1960, shekarar da talo-talo wajen 100.000 suka mutu a Ingila don sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. A ƙasar Kenya, cikin 2004, mutum 125 suka mutu bayan sun ci masara mai gubar nan. Gyaɗar da ta yi hunhuna, ko ta yi ɗaci, ba a ci, ba a kuma ba dabba, domin gubar tana bi ta cikin nonon saniya.

Kada ku ce duk hunhuna muguwa ce. Daga wata irinta aka samo maganin nan fenisilin, wanda Alekzanda Filemin ya gano a birnin Landan cikin 1928. Sai dai ba a rufin ɗaki ake nomanta ba.

Me za a yi?

Aikin na bazara ne, tun hadari bai haɗu ba. A hau soro, a cire ciyawa, a toshe tsaga, a sake yaɓe, a buɗe indararo. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Cikin damana, duk ranar da rana ta fito, a buɗe ƙofa da taga, a shanya tabarmi da katifa. Buhun hatsi a ɗora shi bisa itace, nesa da bango.

In ta riga ta fito, a fara tsayar da ruwan tukuna. Shafa farar ƙasa bisa tabo ɓoye shi ne kawai, zai dawo. Babba ne zai wanke wurin da sabulu, ya ɗaure hanci da baki da ƙyalle, ƙofa a buɗe. Zanar da ta ruɓe a fitar da ita a ƙone. Azarar da ta yi laushi sai magini. Ku kuwa, kada ku hau soron da ya jiƙe. Naku aikin shi ne ku gani, ku faɗa.

Aiki

Ku samo gutsuren tuwo biyu. Ɗaya ku shanya shi a rana ya bushe ƙarau. Ɗayan ku yayyafa masa ruwa. Ku sa kowanne cikin farar leda, ku ɗaure, ku ajiye a inuwa. Kowace safiya ku zana abin da kuka gani, har kwana biyar. Kada ku kwance ledar, kada ku sunsuna.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku hunhuna take so? Wanne ne muke iya hana ta?
2. Me ya sa magini ya ce ruwan da bai ɗiga ba shi ne mugu?
3. Yaya raɓa take taruwa ƙarƙashin kwano?
4. Mene ne bambancin hunhuna da kunkunniya?
5. Da wane irin rufi aka rufe ɗakin da kake kwana? Yau ka ɗaga kai ka duba shi, gobe ka faɗa wa aji abin da ka gani.