Yadda elektaron ke daskarewa: darasi kan kiristal ɗin Wigner

A cikin ƙarfe, elektaron suna kai da komo kamar ruwa, shi ya sa lantarki ke gudana. Amma cajinsu iri ɗaya ne, don haka kowanne yana tunkuɗe ɗan'uwansa. Ƙarfi biyu ke nan suke ja-in-ja: na motsi da na tunkuɗa.

A shekarar 1934, masanin fizik Eugene Wigner, ɗan asalin Hangari, ya yi hasashen cewa idan elektaron suka yi ƙaranci ƙwarai, sanyi kuma ya tsananta, tunkuɗa ce za ta rinjaya. Dalili kuwa shi ne, a dokar kwantom matsatsi yana ƙara musu ƙarfin motsi, sarari kuma yana rage shi. Sai kowanne ya kafe a gurbinsa, su jeru cikin tsari kamar ƙwayoyin zarra a dunƙulen gishiri. Daga nan abin da ke tafiyar da lantarki ya koma mai tare shi.

A 1979, Grimes da Adams suka gano wannan jeri a saman ruwan heliyom. A 2024 masana na Jami'ar Princeton a Amurka suka ɗauki hotonsa kai tsaye cikin garafen mai falle biyu, shekara 90 bayan hasashen Wigner.