Darasin Mako: Harsashi Bai San Yaro Ba



A daren 22 ga Agusta, 2022, a birnin Libaful na Ingila, wata uwa ta ji hayaniya a waje, ta buɗe ƙofa ta leƙa. Ashe ɗan bindiga ne ya biyo wani mutum. Wanda ake korar ya ga ƙofa a buɗe, ya afka ciki. Maharbin ya saki wuta, harsashi ya ratsa hannun uwar, ya sami 'yarta mai shekara 9 a ƙirji. Yarinyar ta rasu, alhali babu ruwan gidan da rigimar.

Darasi na farko: in mun ji harbi, ban da leƙe. Mu kulle ƙofa, mu janye yara daga taga, kowa ya kwanta ƙasa.

Na biyu: shaida. Wata mata da maharbin ya je gidanta a daren ta daure, ta faɗa wa 'yan sanda, ta kuma ba da shaida a kotu. A Afrilun 2023 aka yi masa ɗaurin rai da rai, aƙalla shekara 42. Da ta yi shiru fa?

Kada tsoro ko sanayya su sa mu rufa wa mai bindiga asiri. Allah Ya tsare mana zuri'a.