Aikin Gyaran Karkacewar Babban Yatsan Ƙafa: Yadda Ƙafa Kan Kasance Bayan Shekaru

Akwai wata cuta da ke sa babban yatsan ƙafa ya karkata wajen sauran yatsu, ƙashin da ke gindinsa kuma ya turo waje ya zama ƙullutu. Ta fi samun mata, sau da yawa gadonta ake yi, matsattsen takalmi mai tsini kuwa yana ƙara tsananta ta.

Faffaɗan takalmi da matashin da ake sa wa tafin ƙafa suna rage zafi, amma ba sa miƙe ƙashin da ya riga ya karkace. Wannan sai aikin tiyata. Likita yakan yanka ƙashin, ya mayar da shi kan hanya, ya ɗaure shi da 'yan kusoshi. In karkatar ta yi yawa, yakan haɗe gaɓar ta zama ɗaya. Wani bincike da aka buga a 2001, wanda aka yi a ƙasar Finlan kan mutum 209, ya nuna waɗanda aka yi wa aiki sun fi sauran samun sauƙin ciwo bayan shekara guda.

Yawancin waɗanda aka yi wa aikin sukan shekara da shekaru suna tafiya ba ciwo. Duk da haka akwai abubuwa huɗu da kan biyo baya:

1. Yatsan yakan sake karkata, musamman ga wanda aka yi wa aiki kafin ƙashinsa ya gama girma, ko wanda aka aske wa ƙullutun kawai.
2. Gaɓar takan sandare, durƙuso ya yi wuya.
3. Nauyin jiki yakan koma kan ƙananan yatsu, kanta ta fito a tafin ƙafa.
4. Wani lokaci gyaran yakan zarce, yatsan ya karkata ɗaya gefen.

Ƙashi yana bukatar kamar mako 6 kafin ya haɗe, kumburi kuwa yakan ɗauki watanni. Shan taba da ciwon sukari suna jinkirta warkewa.

Saboda haka ba a yin wannan aiki don ado. Ana yin sa ne in ciwo ya hana mutum tafiya ko neman abinci, bayan an gwada sauya takalmi. Mai wannan larura ya nemi shawarar likitan ƙashi, kamar a asibitocin ƙashi na tarayya da ke Dala a Kano, da Igbobi a Legas, da Inugu. Wanda aka yi wa aiki kuma ya guji matsattsen takalmi, ya riƙa motsa yatsan yadda aka koya masa, ya koma asibiti ranar da aka sa masa.