Adana Irin Kajin Gida da Hanyoyin Zaɓen 'Yan Tsaki Domin Iri

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin halin da irin kajin gida yake ciki a ƙasar Hausa, tare da bayyana matakan da mai kiwo zai bi wajen tantance 'yan tsakin da suka cancanci a bar su domin iri. Maƙalar ta nuna cewa al'adar sayar da manyan zakaru da barin ƙanana a gida, da barbarar dangi, da gauraya iri ba bisa tsari ba, su ne ke rage ingancin waɗannan kaji. An kawo matakai huɗu na zaɓe da tsarin musayar zakaru wanda bai buƙatar kuɗi masu yawa.

Fitilun Kalmomi: kajin gida, iri, zaɓe, gado, barbarar dangi

1.0 Gabatarwa

Da wuya a shiga gidan Bahaushe a karkara ba a tarar da akurki ba, kuma galibi mata da yara ne suka mallaki kajin da ke cikinsa. Kaza ita ce asusun uwargida: da ita ake karɓar baƙo, da kuɗinta ake sayen magani ko littafin makaranta. Kazar gida takan yi ƙwai tsakanin 40 zuwa 60 a shekara, alhali kazar gidan gona tana iya kaiwa 300. Wannan tazara ce ta sa mutane da yawa suke raina ta. Sai dai kwatancen bai cika adalci ba, domin kazar gida tana neman abincinta da kanta, tana jure zafin bazara, tana kwanci ta ƙyanƙyashe, sannan ta kare 'ya'yanta daga shirwa. Waɗannan halaye gado ne da ya taru cikin ɗaruruwan shekaru, kuma idan ya salwanta babu kamfanin ƙyanƙyasa da zai dawo da shi. Saboda irin wannan fargaba ne ƙasashen duniya suka amince da wani shiri na kare irin dabbobin kiwo a birnin Intalaken na ƙasar Suwizalan a shekarar 2007, ƙarƙashin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

2.0 Ire-iren Kajin Gida

Masana kimiyyar dabbobi a Nijeriya sukan raba kajin gida gida biyu dangane da muhalli: kajin Fulani, waɗanda suka fi girman jiki kuma aka fi samun su a yankunan makiyaya, da ƙananan kajin kurmi na kudancin ƙasar. Bayan wannan akwai siffofin da ake gada ta ƙwayar halitta guda. Akwai kaza marar gashi a wuya, da mai murɗaɗɗen gashi da ke juyawa sama, da durgu mai gajerun ƙafafu, da mai tukku. Siffofi biyun farko suna taimaka wa kaza wajen fitar da zafin jiki, don haka suna da amfani a wuraren da zafin rana yakan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Abin takaici shi ne masu saye a kasuwa sukan ƙyamaci irin waɗannan kaji saboda kamanninsu ko saboda camfi, sai masu kiwo su riƙa kawar da su tun suna ƙanana.

3.0 Abubuwan da ke Raunana Irin

Abu na farko shi ne zaɓen da ake yi a juye. Idan Sallah ta matso ko baƙo ya sauka, zakaran da ya fi girma shi ake kamawa, domin shi ya fi kuɗi kuma shi ya fi cika tukunya. Wanda ya tsumbure shi ke saura a gida yana barbara. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, haka kuma tsumburarren zakara ba ya haifar ƙato. Idan aka maimaita wannan shekara da shekaru, jikin kajin gidan zai riƙa raguwa ba tare da mai su ya san dalili ba.

Na biyu shi ne barbarar dangi, inda zakara ɗaya yake hawa 'ya'yansa da jikokinsa. Alamominta su ne yawan ƙwai da ba ya ƙyanƙyashewa, da raunin 'yan tsaki, da nakasar ƙafa ko baki.

Na uku shi ne gauraya iri ba tsari. Nijeriya ta samar da ingantattun kaji irin su Shika Brown daga Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, Zariya, da FUNAAB Alpha daga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Abekuta, ga kuma Noiler da ta yaɗu a ƙauyuka. Waɗannan kaji suna da amfani ga wanda zai iya ciyar da su. Matsalar tana tasowa ne idan aka saki zakarunsu cikin kajin gida, domin 'ya'yan da za a samu sukan buƙaci abinci fiye da abin da tsakar gida ke bayarwa, kuma ɗabi'ar kwanci takan ragu a cikinsu.

Na huɗu shi ne annoba. Cutar Niyukasil, wadda ta fi tsananta lokacin hunturu, tana iya share akurki cikin 'yan kwanaki, ta tafi da zaɓaɓɓe da wanda ba zaɓaɓɓe ba.

4.0 Matakan Zaɓen 'Yan Tsaki

Ƙa'ida ta farko ita ce a kwatanta tsara da tsara. Ba a auna tsakon da ya yi mako takwas da wanda ya yi mako goma sha biyu, haka kuma ba a kwatanta wanda ya tashi da kaka, lokacin yalwar hatsi, da wanda ya tashi da bazara. Ana iya bambanta 'ya'yan kowace kaza ta hanyar ɗaura musu zare mai launi a ƙafa, a riƙa sassauta shi yayin da suke girma.

4.1 Ranar Ƙyanƙyasa

Ƙwan kaza yana ƙyanƙyashewa a kwana 21. Tsako mai kyau yakan bushe da wuri, ya miƙe tsaye, idanunsa a buɗe, cibiyarsa a rufe. Wanda ya makara sosai wajen fitowa, ko aka taimaka masa wajen fasa ɓawo, ko ƙafafunsa suka wage, ana iya kiwonsa domin nama, amma ba a sanya shi cikin iri.

4.2 Mako na Takwas

A wannan lokaci ake awo na farko. A ɗora kowane tsako a kan ƙaramin sikeli, a rubuta nauyinsa. Nauyin jiki yana cikin halayen da suke bin gado sosai, saboda haka zaɓen da aka yi a kansa yakan nuna sakamako cikin zuriya ɗaya ko biyu. A duba saurin fitowar gashi, da kuzarin tono, da yadda tsako yake ruga wa maɓoya idan uwa ta yi kukan gargaɗi.

4.3 Mako na 16 Zuwa 20

Nan ne ake yanke hukunci, kuma da hannu ake yin sa. A kama sagara ko ɗan zakara a shafa ƙashin ƙirjinsa: ya zama miƙaƙƙe, dogo, da tsoka a gefe biyu. A ɗora tafin hannu a bayansa a ji faɗinsa tun daga kafaɗa har ƙugu, domin kazar da bayanta ya tsuke ba ta da isasshen wurin abinci da ƙwai. A duba baki ya haɗu daidai, yatsu su miƙe, wutsiya kada ta karkace, zanko ya yi ja. A buɗa fiffike da gindin wutsiya a nemi ƙwarƙwata. Ba a zaɓen zakara saboda kyawun launi kawai ko saboda faɗa. Wanda ake so shi ne mai kiran kaji idan ya samu abinci, mai sa ido a sama.

4.4 Bayan Fara Ƙwai

Kazar gida takan fara ƙwai tana da wata biyar zuwa bakwai. Kazar da ke cikin yin ƙwai, yatsu biyu zuwa uku suna shiga tsakanin ƙasusuwa biyun da ke gefen duburarta, cikinta kuma yana da laushi. Amma yawan ƙwai da rayuwar 'yan tsaki ba sa bin gado da ƙarfi kamar nauyi, domin abinci da cuta suna tasiri a kansu ƙwarai. Don haka a nan tarihin uwa ya fi kallon ido amfani: ƙwai nawa ta kwanta a kai, nawa ta ƙyanƙyashe, nawa suka kai mako takwas. Zakaran iri ya kamata ya fito daga uwar da ta yi fice a wannan lissafi, tunda shi ne rabin gadon kowane tsako da za a haifa.

5.0 Tsarin Barbara

Zakara ɗaya ya wadaci kaji goma wajen barbara, amma bai wadaci iri ba. Masana gado suna lissafa ƙarfin garke ta hanyar ninka adadin zakaru da na kaji sau huɗu, sannan a raba da jimillarsu. Zakara 1 da kaji 10 suna ba da kusan 3.6, wanda ke nufin kusancin jini zai ƙaru da kimanin kashi 14 cikin 100 a kowace zuriya. Zakaru 3 da kaji 30 suna ba da kusan 11, ƙaruwar ta sauko ƙasa da kashi 5. Adadin da ake so shi ne 50, inda ƙaruwar ba ta wuce kashi 1. Gida ɗaya ba zai kai wannan ba, amma unguwa za ta kai.

Hanya mai sauƙi ita ce gidaje uku ko fiye su haɗa kai. Kowane gida ya riƙe sagarorinsa, zaɓaɓɓen ɗan zakara kuwa ya wuce gida na gaba a kowace shekara: na farko ya ba na biyu, na biyu ya ba na uku, na uku ya ba na farko. A killace baƙon zakara na mako biyu kafin a haɗa shi da kaji. Bayan an cire tsohon zakara a jira mako uku kafin a tara ƙwan kwanci, domin kaza tana ajiye maniyyi a jikinta na tsawon kwanaki. Kada ƙwan ya wuce kwana bakwai a ajiye. A kuma yi wa dukkan kajin rigakafin Niyukasil kafin hunturu. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom tana sarrafa nau'in I-2 mai jure zafi, wanda ake ɗigawa a ido kuma a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa adana irin kajin gida ya rataya ne a kan shawarar da uwargida take yankewa ranar da za a kama kaza: wacce za a kai kasuwa, wacce za a bari. Idan aka ware zakara mafi kyau tun yana da mako ashirin aka haramta wa wuƙa shi, aka rubuta tarihin iyaye mata, aka yi musayar zakaru tsakanin maƙwabta, kajin za su inganta ba tare da sun rasa juriyar da aka san su da ita ba. Ya kamata malaman gona su shigar da waɗannan matakai cikin horon da suke bai wa ƙungiyoyin mata, kuma sassan nazarin Hausa su tattara sunayen da kowane yanki yake kiran ire-iren kaji da su, tun masu sanin sunayen suna raye.