Taron Kallon Husufin Wata

A daren 9 ga Janairu 2001 aka yi husufin wata. Waɗansu matasa a Maiduguri suka far wa otal-otal da mashaya da ƙone-ƙone, suna cewa zunuban da ake aikatawa a wuraren ne suka jawo shi. A garuruwa da yawa kuwa, yara sukan fito suna kaɗa gwangwani domin rana ta saki wata.

Alhali kuwa husufi inuwa ce. Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake aro. Sa'ad da duniya ta shiga daidai tsakaninsu, sai inuwarta ta rufe shi. Shi ya sa ba ya aukuwa sai wata ya cika. Jan da yake yi, hasken rana ne da ya ratso iskar duniya. Masana sukan lasafta ranar da sa'ar tun da sauran shekaru.

Amfanin taron kallo ke nan. Akan sanar da lokaci, jama'a su hallara a filin makaranta ko harabar majami'a, a kashe fitilu, malami ya gwada abin da tocila, ƙwallo da lemo. Wanda ya ga inuwa ta soma a mintin da aka faɗa, da wuya wani ya tunzura shi. Kallon kuma ba ya cutar da ido, ba kamar husufin rana ba.

A husufin 27 ga Yuli 2018, wata ya yi sa'a 1 da minti 43 a rufe ruf, Mirrihi kuma na kusa da shi, ja wur.