HAZAƘA DA HILIMI: WANNE YA FI KAI MUTUM GA NASARA?

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, darasin wannan mako yana magana ne a kan baiwa iri biyu: hazaƙa, watau kaifin ƙwaƙwalwa, da hilimi, watau mallakar zuciya yayin fushi da sanin yadda ake zama da mutane.

Malaman lugga sun ce kalmar "aƙlu", wadda Bahaushe ke kira hankali, tushenta ɗaya da "iƙalu", igiyar da ake yi wa raƙumi dabaibayi da ita. Ke nan mai hankali a wurin Larabawa shi ne wanda ya iya dabaibaye zuciyarsa, ko da haddarsa kaɗan ce. Lokacin da ayarin Abdul-Ƙaisi suka iso Madina, sai suka yi ta gaggawar zuwa gaida Annabi (S.A.W.), amma Ashajju ya tsaya ya kintsa kayansu, ya sauya tufafi, sa'an nan ya iso a natse. Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya yabe shi da halaye biyu da Allah ke so, hilimi da natsuwa.

A ƙasar Hausa ma akwai abin koyi. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rayu daga 1754 zuwa 1817, an sami waɗansu ɗalibai masu hazaƙa da suka karanci ilmin tauhidi, suka riƙa titsiye talakawa da tambayoyi, wanda ya kasa amsawa su kafirta shi. Shehu ya yi ta wallafa littattafai don raddi gare su. Haka kuma ya saɓa wa malaminsa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, a kan kafirta mai aikata manyan zunubai, amma bai daina girmama shi ba. Ɗansa Muhammadu Bello ya bayyana cikin Infaƙul Maisuri cewa Shehu kan sabunta niyyarsa kafin ya fita wa'azi, yana tarbar jama'a da sakin fuska, yana jure wa masu tambaya. Da wannan hali jama'a suka taru a Degel.

Masana halayyar ɗan Adam na wannan zamani sun zo ga wannan magana. A 1995 wani Ba'amurke, Daniel Goleman, ya wallafa littafin da ya yi fice, inda ya nuna cewa sarrafa fushi da fahimtar damuwar wani suna da babban rabo cikin nasarar mutum.

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma a 2011, karatu mai zurfi ya matso kusa da 'ya'yan Kurfi da Tamawa, kuma wannan alheri ne. Sai dai ɗalibin da ya komo gida yana gyara wa limami karatu a gaban mamu, ko yana raina mahaifinsa don bai san nahawu ba, zai iya cin gardama, amma ya raba sahu, ya kuma rasa masu sauraronsa. Gyara yakan shiga ne idan aka keɓe mutum aka yi masa magana mai taushi. Hilimi kuwa koyonsa ake yi: a yi shiru lokacin fushi, a zauna in ana tsaye, a yi alwala, kamar yadda Sunna ta koyar.

Allah Ya haɗa wa Musulmi ilmi da hilimi, amin.