Maƙoƙo Ba Iri Ɗaya Ba Ne: Shawarwari Ga Mutanen Gida

Kusan shekara biyu wata gwaggona da ke zaune a Unguwar Gano ta yi tana ramewa, alhali ba ta barin ko loma a kwano. Ana tsakiyar hunturu kowa na neman bargo, ita tana neman mafici. In ta ɗauki kofin shayi sai ya zube saboda rawar hannu. Aka ce hawan jini ne, aka ce iska ce, aka yi hayaƙi har labule ya canza launi. Sai ranar da aka ɗebi jininta a Asibitin Malam, nan kusa da su a kan titin Zariya, sannan aka gane cewa tayirod ce.

Tayirod wata 'yar tsoka ce a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, mai siffar malam-buɗe-littafi. Ita ke fitar da sinadarin da ke tsara saurin aikin jiki: bugun zuciya, zafin jiki, narkewar abinci, har al'adar mata. In ta kumbura, shi ne muke cewa maƙoƙo. Amma tana iya lalacewa wuya na nan sumul.

1. A fara da gishiri. Tayirod ba ta aiki sai da sinadarin aidin, mu kuwa muna nesa da teku, abincinmu ba ya ɗauke da shi sosai. Tun 1993 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci, a 2005 kuma ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar ta cimma wannan buri. Shi ya sa manyan maƙoƙon da muka riƙa gani a wuyan tsofaffi muna yara suka yi ƙaranci. Uwargida, ki sayi na leda wanda aka rubuta akwai aidin, mai lambar NAFDAC. Wanda ake aunawa a kwano, ya wuni a buɗe cikin rana da ƙura, ba ki san abin da ya rage a cikinsa ba. Manda da gishirin Bilma kuwa ba a sa musu aidin.

2. A zuba gishirin mai aidin a mazubi mai murfi, nesa da murhu da laima, a kuma sa a miya in ta kusa sauka. Wannan ba izinin cika gishiri ba ne. Babba na buƙatar maikirogiram 150 kacal na aidin a rana, mai ciki da mai shayarwa 250, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin dunƙule. Sannan don Allah, aidin ɗin nan ja da ake shafa wa ciwo ba na sha ba ne. 

3. A san fuskokin ciwon guda biyu, domin nan ne aka fi yin asarar lokaci da kuɗi. Akwai wadda tayirod ɗinta ke aiki fiye da ƙima, kamar gwaggona: rama duk da cin abinci, faɗuwar gaba, gumi, rashin barci, saurin fushi, wani lokaci idanu su firfito. Mafi yawan irin wannan cutar Graves ce, inda garkuwar jiki ke zuga tayirod. Akwai kuma wadda tata ta yi sanyi: kasala, jin sanyi ko da rana ta take, ƙiba ba gaira ba dalili, taurin bayan gida, bushewar fata, zubewar gashi, mantuwa. Babban sanadinta a wuraren da aidin ya wadata shi ne cutar da wani likita ɗan Japan, Hakaru Hashimoto, ya bayyana a 1912.

Ta biyun ce ta fi ba ni tausayi. Ta farko aƙalla ana cewa ba ta da lafiya. Ita kuwa wannan sai dangin miji su ce ta zama raguwa, ta samu wuri ta miƙe ƙafa. Mata sun fi maza kamuwa nesa ba kusa ba, ciwon kuma yana bin dangi. Duka biyun gishiri ba ya warkar da su. Mai irin ta farko ma ƙarin aidin na iya tsananta mata.

4. Ki tsaya gaban madubi, ki cire mayafi, ki ɗan ɗaga haɓa ki haɗiyi ruwa. In kin ga ƙulli yana hawa yana sauka tare da haɗiyar, ki je asibiti. Gwajin jinin da ake fara yi sunansa TSH, in akwai ƙulli a ƙara da sikanin. Yawancin ƙullin ba daji ba ne, amma wanda ya yi tauri, ko yake girma da sauri, ko ya zo da dishewar murya, wahalar haɗiya ko shaƙewa in an kwanta, ba a jira masa ƙarshen wata. Hijabi yana rufe wuya, har mace ta shekara tana ɓoye abin ko 'yar'uwarta ba ta sani ba. Kada kuma a yarda a yi tsaga ko sakiya a wurin. Manyan jijiyoyin jini ne kewaye da shi.

5. Ana yawan cewa mai maƙoƙo ya bar gero da kabeji da rogo. Akwai ƙamshin gaskiya: a yankin Darfur na Sudan an danganta yawan maƙoƙo da dogaro ga gero, rogon da bai jiƙu ko bai dahu sosai ba kuma yana hana tayirod amfana da aidin. Sai dai illar tana fitowa ne inda aidin ya yi ƙaranci kuma abincin iri ɗaya ne safe da dare. Ni dai ba zan ce Bakano ya bar fura ba. A dafa kabeji, a gyara rogo, a riƙa haɗawa da ƙwai da madara da kifin teku gwargwadon hali.

6. Mai ciki ta gaya wa ma'aikatan awo in tana da wannan ciwo, don ƙwaƙwalwar ɗan tayi da sinadarin uwa take ginuwa a watannin farko, sau da yawa kuma sai an ƙara mata magani. Wadda ta yi ta ɓari ko haihuwa ta ƙi, a duba tayirod cikin abubuwan da za a duba. Jaririn da shawara ta daɗe a jikinsa, yana yawan barci, ba ya kama nono, kada a ce haƙuri gare shi. A kai shi a gwada.

7. Wadda aka rubuta wa Levothyroxine ta sha da ruwa zalla, ciki ba komai, ta jira aƙalla rabin awa kafin koko ko shayi. Maganin ƙarin jini da na ƙarin ƙarfin ƙashi a ba su tazarar awa 4, awara ma kada ta biyo baya nan take. Da azumi a tambayi likita lokacin da ya dace, ko kafin sahur ko kafin kwanciya. Yawancin masu shan sa har ƙarshen rayuwa ne, jin sauƙi ba dalilin dainawa ba ne. Mai shan Carbimazole kuwa, in zazzaɓi da ciwon maƙogwaro suka kama ta, ta dakata da shi ta tafi asibiti a ranar a duba jininta, kada ta tsaya a kemis.

8. Maigida, sigari na tsananta ciwon idon masu cutar Graves, a fita da hayaƙi daga gidan. Ka kuma tanadi kuɗin gwaji, don duk lokacin da aka canza yawan magani ana sake duba jini bayan mako 6 zuwa 8. Takardun sakamako a tara su wuri guda. Gwaggona a cikin tsohon gwangwanin alawa take ajiye nata, tare da katin asibiti, a saman durowa inda jikoki ba sa kaiwa.